Biyu-biyu, ba jaka ba guzuri: tafiyarmu ƙauyukan bayan Falgore

Duk wanda ya tashi a ikilisiya ya san Markus sura 6, wurin nan da Yesu ya kira almajiransa sha biyun ya aike su biyu-biyu, yace kar su ɗauki abinci, kar su ɗauki jaka, kar kuɗi a ɗamara, sanda kawai da takalmi da riga ɗaya, su fita su yi wa mutane wa'azi su tuba. Mun sha jin wa'azi a kai musamman ranar da za a tara baikon aikin bishara, a karanta muce amin mu koma gida mu ci shinkafarmu. To hunturun da ya wuce wani dattijon ikilisiyarmu a nan Jos yace shi fa ya gaji da karatun baki, in mun je ziyarar mai bisharar da muke tallafawa a kudancin jihar Kano yi zamu yi yadda aka rubuta. Mu 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu fita wa'azi, muka ce to Baba, a zatonmu irin maganar nan ce da ake yi a taro a manta. Ashe mutumin da gaske yake.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ko na ɗarikar da ta aika shi, kun dai san halin da ake ciki, Malam kawai zan riƙa ce masa tunda haka kowa ke kiransa a can.

Sammako muka yi a bas ɗin haya, sanyin Jos na Disamba kuwa ba sai an faɗa ba, muka bi ta Farin Gada, Mista Ali, Jengre, kowa ya dunƙule cikin bargo sai matan Zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, su biyu da suka biyo mu ne suke ta waƙa a baya. A Saminaka muka tsaya shan shayi, buhunan masara jibge a bakin hanya ana lodi, a nan ne Baba ya buɗe bakin labari, kuma in Baba ya fara sai dai direba ya yi ta hon.

Yace mu da muke ƙorafin kujerar mota, mun san yadda bishara ta shigo ƙasar nan kuwa? Samari uku ne suka sauka a Legas a Disamban 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, kuma ba wata ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu, duk inda suka ƙwanƙwasa cewa aka yi ba kuɗi kuma zazzaɓi zai kashe su. Suka taho haka nan da abinda 'yan'uwa suka tara musu. Bingham ya kwanta ciwo a Legas sai ya zauna can yana aika musu kaya, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku can ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, a 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi. Asalin ƙungiyar mishan ta SIM kenan, wadda ɗarikar ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Sunayen nan duk muna jinsu kullum bamu damu mu tambaya ba, makarantar Kent da ke Miango, jami'ar Bingham da ke Karu, har asibitin da mu 'yan Jos muke kira Jankwano yanzu sunan Bingham ne a jikinsa. Baba ya ƙara da labarin Dokta Stirrett wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, mai sayar da magani ne a Toronto ya bar dukiyarsa wa aikin ya taho a 1902, ya yi ta wa'azi a kasuwanni har ya rasu a Jos a 1948, shekarar da aka kafa ƙungiyar aikin bishara ta EMS don 'yan ƙasa su ma su fara aika nasu masu bishara.

Wani ɗalibin jami'a da ke cikinmu, shi ne autan tafiyar, yace Baba to ai biyu sun mutu cikin uku, ina tanadin Allah a nan? Baba ya kalle shi ya kalle shi yace sha shayinka yaro, in mun dawo ka sake tambayata. Ni dai tambayar ta zauna min.

Daga nan muka bar hanyar Zariya muka kama ta Kano wadda ta ratsa dajin Falgore. Wanda ya taɓa bi ya san yadda mota take yin tsit a wurin, waƙar matan Zumunta ma ta ɗauke, shingen sojoji nan da can, direba yana taka mota yana salati mu muna addu'a a zuci, kowa na kiran Allah yadda ya iya. Lafiya lau muka fita. Wajen Tudun Wada muka sauka daga kwalta, daga nan sai 'yan acaɓa, hanya ce ta yashi da karan dawa, kafin mu isa duk mun yi furu-furu har gashin ido.

Gidan Malam ɗaki biyu ne na ƙasa da rumbu ɗaya da ɗan turken awaki, majami'ar kuwa rabi kwano rabi jinka, kujerun dakali ne na ƙasa, ƙararrawarsu tsohon wilin mota ne rataye a bishiyar darbejiya. Masu bi basu da yawa, yawancinsu Maguzawa ne da suka karɓi bishara, Hausawa ne gaba da baya, Hausarsu ma ta sa tamu ta Jos jin kunya. Mutane da yawa a kudu har da namu na Filato basu san akwai Hausawa Kirista a Kano da Katsina ba. Dalili kuwa tsoho ne, zamanin Turawa an taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 da aka basu kula da asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina sannan ƙofa ta ɗan buɗe.

Kafin ko ruwa mu sha Malam yace sai mun je gaida mai unguwa. Muka je muka cire takalmi muka durƙusa, ranka ya daɗe baƙi ne daga Jos sun zo gaishe mu zasu kuma zaga gidaje. Mai unguwa Musulmi ne, dattijo mai fara'a, yace baƙin Malam ai baƙina ne, ku dai ku bi a hankali kar a zagi addinin kowa. Malam yace in Allah ya yarda. Autanmu ya so ya yi gunaguni wai me ya sa sai mun nemi izini kafin mu yi aikin Ubangiji, ba wanda ya tanka masa.

Washegari bayan addu'ar safe Baba ya shimfiɗa ɗankwali a ƙasa yace kowa ya zube walat da kuɗin aljihu da biskit ɗin da aka ɓoye a jaka. Kai, ranar an ga fuskoki. Wata mama ta fito da soyayyen nama a leda daga cikin zani kowa ya fashe da dariya. Waya ce aka yi ta ja-in-ja a kai, daga ƙarshe Baba ya yarda kowane rukuni ya riƙe ɗaya saboda tsaro, koda yake sabis ɗin ma sai ka hau tudu. Wani malamin makarantar Lahadi ya tada maganar cewa Matiyu 10 ya hana sanda Markus kuma ya yarda da ita, wanne zamu bi? Malam yace in kun ga karnukan gidajen nan zaku bi Markus. Kowa ya nemi sanda.

An haɗa kowane baƙo da ɗan gari, ni aka haɗa ni da Malam da kansa, sai lissafi bai cika ba aka jona mana auta, mu dai uku muka zama.

Tafiyar ƙafa ce a gonakin da aka girbe, iska na kaɗawa leɓe na tsagewa. Gidajen Maguzawa ba a cure suke kamar gari ba, gida ɗaya ne babba a tsakiyar gonakinsa, kaka da 'ya'ya da jikoki duk a ciki, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga wani. Rana na take tsaka yunwa ta fara yi mana magana, auta ya daina waƙa. Sai Malam ya ratse zuwa wata ruga ya yi sallama ya gaisa da su da 'yar Fulatancin da ya iya, kafin mu zauna wata inna ta fito da ƙwarya cike da fura da nono, ga ludayi uku. Nace Malam ka gaya mata fa bamu da ko sisi. Ta ji ni ta yi dariya tace wa ya tambaye ka kuɗi, baƙonka annabinka. Auta ya sha ya sha ya ɗaga hannu sama yace Allah mai tanadi, ashe da gaske ne.

Da gaske ne mana, amma da muka ci gaba da tafiya na tambayi Malam ko haka suke yi wa kowa. Yace suna da kirki dama, sai dai kuma a 'yar solar gidansa suke cajin waya, in sun sayo magani a kasuwa shi suke kawo wa ya karanta musu yadda ake sha, kuma akwai daren da ya goya ɗan wannan innar a babur ɗin aro zuwa asibiti cikin ruwan sama. Ya faɗa ne kawai kamar ba komai ba. Wato furar da muka sha a minti goma shekaru aka yi ana dama ta, mu dai mun zo ne muka tarar.

Gidan da muka fi daɗewa na wani tsoho ne da har yanzu yake kan al'adar iyayensa. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, maza suka taru, mata na leƙe ta kan danga, ga tukunyar giya a gefe ba wanda ya ɓoye ta don mun zo. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida ya iyali ya sanyi ya aka ji da kaka, sannan Malam yace ni in yi magana. Na tashi na yi irin wadda muka saba a bakin kasuwa, ku tuba ku ba da gaskiya ga bishara, duk mun yi zunubi, Yesu ya mutu dominmu ya tashi. Suka saurara tsaf ba wanda ya katse ni.

Da na gama tsohon ya gyara zama yace ɗana maganarka da daɗi, amma ka ce in tuba, in tuba daga me? Ban yi sata ba, ban ci gonar kowa ba. Malaman gari sun zo sun ce in tuba in yi salla, ku kun zo kun ce in tuba in bi Yesu, kowa tuba yake nema a wurina. To in na bi ku, matana uku wacce zan kora? Wa zai riƙa yi wa gidan nan yanka in damina ta zo? In na mutu wa zai binne ni, ku da kuke Jos?

Gaskiya ban da amsa a shirye, ayoyin da na haddace ba wadda ta zo bakina. Malam ne ya karɓa, kuma bai ɗaga murya ba. Yace Baba ba wanda zai ce ka kori uwar 'ya'yanka, wannan magana ce da ake zama a yi ta a hankali. Tuban da muke faɗa juyowa ne, mutum yana tafiya ya ba Allah baya sai ya waiwayo, kuma ba ɓarawo kaɗai ke buƙatarsa ba, ni ma da nake gabanka kullum sai na yi. Ya tuna masa tsoron da suke kwana da shi, na iskoki da na sammu, yadda in yaro ya yi zazzaɓi sai an rasa akuya. Batun binnewa kuwa yace Baba ni ba a Jos nake ba, ga gidana can, ka san wanda ya haƙa kabarin ƙaninka tare da 'ya'yanka. Tsoho ya yi shiru can yace haka ne, kai ne.

Bai tuba ranar ba, kar wani ya zata irin labarin nan ne da ake bayarwa a taron shaida kowa ya durƙusa yana kuka. Cewa ya yi zai yi tunani, Malam yace shekara da shekaru kenan yana wannan tunanin, amma jikokinsa biyu suna zuwa koyon karatu a majami'a kuma bai hana ba.

Akwai gidan da ba a karɓe mu ba sam. Maigidan ko tabarma bai sa an kawo ba, daga tsaye yace ba ya buƙata mu wuce. Muna juyawa auta ya tsaya ya fara cire takalmi wai zai karkaɗe ƙurar ƙafarsa kamar yadda aya ta 11 ta ce. Malam ya riƙe masa hannu da sauri yace kul, mai da takalminka, kai jibi kana mota, ni matata a rijiyar mutumin nan take ɗiban ruwa in tamu ta ƙafe. Na daɗe ina juya wannan maganar. Almajiran da aka aika a Markus zagaye suka yi na ɗan lokaci cikin ƙauyukan Galili suka dawo suka ba da rahoto a aya ta 30, Malam kuwa zama ya zo yi, a nan 'ya'yansa suka yi haƙori.

Dare ya yi mana nesa da gida sai muka koma wurin tsohon nan mai tambaya, shi da bai karɓi wa'azinmu ba shi ya sa aka yanka mana zakara, tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ya tashi ɗansa daga ɗaki aka bamu, har da garwashi a kasko saboda sanyi. Na ci na ƙoshi amma da 'yar kunya a raina, don na san zakaran nan kuɗi ne a ranar kasuwa.

Da muka koma kowane rukuni da labarinsa, wasu sun sha kunu wasu rogo da ƙuli, rukuni ɗaya ne suka wuni da ruwa kawai sai da yamma suka samu gyaɗa, ba dai wanda ya kwana da yunwa. Aka yi ta waƙar godiya ana buga ganga, Baba sai murmushi yake yana cewa kun gani ko.

Ni kuma na zagaya bayan gida na tarar da matar Malam tana tuyar ƙosai na safiyar gobe, na zauna ina tura mata kara a wuta. Nace Mama yaya kuke yi ne a nan? Tace ƙanena Allah yana yi mana. Na ce na sani, amma ta yaya? Sai ta yi dariya ta fara lissafi. Ƙosan nan da ƙuli-ƙuli su ne kuɗin gishiri da sabulu. Gonar da suke nomawa aro ce mai unguwa ya basu. In kaka ta yi matan ikilisiya kowacce takan kawo kwano ɗaya ko biyu na dawa daga gayaunarta, wata ma mijinta bai sani ba. Abinda ake aiko musu daga birni yakan zo, wani lokaci ya yi watanni bai zo ba, in ya zo kuma ko buhun taki ba ya saya. Babbar 'yarsu ta zauna a gida zango guda saboda kuɗin makaranta. Akwai watan Agustan da hatsi ya ƙare ƙaf, tafasa da rama suka yi ta ci, sai ga maƙwabcinsu Musulmi da damin gero a ka yace a ba yara. Duk wannan ba da kuka ta faɗa ba, tana juya ƙosai tana faɗa, a ƙarshe ma cewa ta yi kar in gaya wa Malam ta yi min wannan hira don ba ya son a ce suna roƙo.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma ba da kowa ba sai da mu. Mu mun ajiye walat na ɗan lokaci mun san tana nan cikin ɗankwalin Baba, muna ta murna mun gwada bangaskiya. Su kuwa haka rayuwarsu take rani da damina, kuma abincin da muke cewa Allah ya tanada daga tukunyar matalauta yake fitowa, wasunsu ma ba masu bi ba ne. Ban ce ba Allah ne ya tanada ba, shi ne, ta hannun mutane dai yake bi, kuma hannun da ya kamata ya fi miƙewa namu ne da muka ɗora masa hannu a gaban ikilisiya muka ce je ka muna bayanka. Mun iya karanta Markus 6 wa mai bishara, bamu cika karanta Luka 22 ba inda Yesu ya tambayi almajiran ko sun rasa wani abu lokacin da ya aike su hannu wofi, suka ce a'a, sannan yace to yanzu mai jaka ya ɗauka. Luka 10 ma cewa ya yi ma'aikaci ya cancanci ladansa. Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti, ikilisiyar Filibi kuma ta riƙa aika masa gudummawa har ya rubuta musu godiya. Su Bingham ɗin da Baba ke ba da labari ai akwai mutane a Kanada da Ingila da suke tara kuɗi suna aikowa, ba iska suka ci ba.

Na faɗa wa Baba haka da dare, na zata zai yi min faɗa. Yace to ka fara ganewa, kana tsammani don ku sha fura na kawo ku? Sai ya kira auta yace tambayarka ta Saminaka fa, har yanzu tana nan? Auta yace tana nan Baba, amma yanzu ba Allah nake tambaya ba.

Ranar komawa abin ya ƙara bamu kunya. Mu da muka zo da 'yan kwancen kaya da katan ɗin sabulu, sai ga mutane suna ta fitowa, wannan da kwanon wake, wannan da kaza ɗaure da ƙafa, wata tsohuwa da ƙullin daddawa, tsohon nan mai tambaya ma ya aiko jikansa da gyaɗa a ƙwarya yace a ba yaron da ya yi wa'azi. Muka ce a bar wa Malam, Malam yace in kun ƙi karɓa kun ɓata min zama da su. Haka muka ɗauro kaya a acaɓa har bakin kwalta, a shingen Falgore wani soja ya leƙo ya ga kaji yace daga biki kuke? Direba yace daga wa'azi suke oga, sojan yace to a yi masa addu'a shi ma, Baba kuwa ya yi masa a nan take ta taga.

Abinda Malam ya fi buƙata babur ne, don gidajen da yake zagayawa sun yi nisa kuma na aron da yake samu mai shi ya fara ƙorafi. Mun kawo maganar gaban dattawa da muka dawo, matan Zumunta basu jira kowa ba sun riga sun biya wa yarinyar kuɗin zango biyu daga asusunsu. Batun babur ɗin an miƙa wa kwamiti, kwamiti yace sai an gama sa tayil a majami'a tukuna, Baba kuma yace zai sake tada maganar a taron wata mai zuwa, ya ce in zo in zauna kusa da shi.